Haunin Linux da jiran da ba shi da wa'adi

Akwai wata makaranta mai zaman kanta a nan Maraɗi da na daɗe ina duba mata kwamfutoci. Wata shekara, ana saura kwana biyu a raba takardun sakamakon zango, babbar kwamfutar da ke riƙe da makin yara ta sandare. Ba a ɗauke kuran ba, fanka na juyawa, ƴar fitilar gaba na ci, amma ko harafi ɗaya ba ya shiga. Malamai sun jeru da takardunsu a hannu suna kallona. Shugaban makaranta ya leƙo ya ce, "Malam, ta mutu ne?" Na ce, "Ranka ya daɗe, da mutuwa ta yi da sauƙi. Jira take yi." Ya ce, "Jiran wa?" A ranar ban iya ba shi amsa ba. Muka ba ta minti arba'in, sannan na danne maɓallin wuta. Makin aji biyu da bai kai ga faifai ba ya tafi, malamai suka zauna sake shigar da shi har bayan isha'i.

Laifin nawa ne, ba na kowa ba. Injin mai giga 2 na RAM ne, na ɗora masa rumbun maki, da ajiyar takardun ofis, da wasu ayyuka biyu da bai kamata su kwana tare ba. Kuma na bar shi da tsohon Linux na kafin 2016, saboda tsoron nan da duk mai gyara ya sani na taɓa abin da ke aiki. Amma layin ƙarshe da injin ya rubuta a allo kafin ya sandare ya tsaya mini a rai. Ya ce wuri ya ƙare, an zaɓi manhaja kaza, an yanke mata hukuncin kisa. Daga nan shiru. An yanke hukunci, wanda aka yanke wa bai mutu ba, kowa kuma ya tsaya jiransa.

Tun daga lokacin nake bin tarihin wannan ɗan lungu na Linux, har na ɗauki ɓangare a wata jayayya da manyan masana suka shekara suna yi. Ra'ayina shi ne duk jiran da injin zai yi a lokacin ƙunci, a sa masa wa'adi, ko da wa'adin bai da kyan gani a idon injiniya. Kafin in kare wannan magana sai na faɗi yadda abin yake aiki, don ba kowa ya taɓa leƙa ciki ba.

Duk manhajar da ke aiki tana buƙatar wurin shimfiɗa kayanta, wurin nan shi ne RAM. Mai rabon wurin ita ce zuciyar tsarin, abin da masu Faransanci ke ce wa noyau. Tana rabawa shafi-shafi, kowane shafi bayit 4096 a yawancin injuna. Zuciyar Linux tana da wata ɗabi'a: tana yi wa manhajoji alkawarin wuri fiye da wanda take da shi, domin ta san yawancinsu suna roƙon fili mai faɗi su shuka kaɗan. Kusan kullum dabarar tana ci. Ranar da kowa ya zo karɓar alkawarinsa lokaci guda, aka kwashe abin da za a iya kwashewa zuwa faifai bai isa ba, sai a kira wanda zan kira hauni, kamar mai zartar da hukuncin kisa a fadojinmu na da. Aikinsa ya zaɓi manhaja ɗaya ya kashe don saura su samu wuri. Rik van Riel ne ya rubuta shi tsakanin 1998 da 2000, David Rientjes na Google ya sake masa ma'aunin zaɓe a 2010. Tun daga nan wanda ya fi cin wuri shi ake fara dubawa, mai kula da injin kuma yana iya ƙara wa manhaja maki ko ya rage mata, daga -1000 zuwa 1000. Wadda aka ba -1000 hauni ba ya taɓa ta.

Mutane sun daɗe suna yi wa wannan tsari dariya. A 2004 Andries Brouwer, masanin lissafi ɗan Holan, ya kwatanta shi da kamfanin jiragen sama da ya gano cewa tashi da man da bai isa ba ya fi araha, in mai ya kusa ƙarewa a sama sai a jefo fasinja ɗaya, sannan aka duƙufa muhawarar wa za a jefo: mafi nauyi, ko mafi tsufa, in kuma mafi nauyin shi ne matuƙin fa? Ba'ar ta yi daɗi, amma tambayar wa za a jefo ita ce mai sauƙin. Mai wuyar ita ce abin da ke faruwa tsakanin yanke hukunci da faɗuwar fasinja.

Hukuncin saƙo ne ake aika wa manhaja, ita kuma sai ta kai wani matsayi a tafiyarta kafin ta karanta shi. In saƙon ya same ta tana tsaye a bakin wata ƙofa cikin zuciyar tsarin, tana jiran makulli, ba za ta karanta ba sai makullin ya zo hannunta. To, a ce wanda ke riƙe da makullin wata manhaja ce da ba za ta sake shi ba sai ta samu shafi ɗaya ko biyu na RAM ta ƙarasa aikinta. RAM babu, sai wadda aka yanke wa hukunci ta mutu. Ita kuma ba za ta mutu ba sai ta samu makulli. Hauni fa? A tsohon tsari an hana shi zaɓar wani muddin akwai wanda aka yanke wa hukunci bai gama fita ba, don kada ya yi ta yanka ba gaira ba dalili. Su uku suka yi cirko-cirko. Abin da ya ƙara ɗaure kullin shi ne wata al'ada da ba a rubuta a ko'ina ba: ƙaramar buƙata, har zuwa shafi takwas, wato kilobayit 32, ba a cewa mai ita babu, sai dai a yi ta zagayawa ana sake gwadawa har abada. Wannan al'ada ta fito fili a ƙarshen 2014, lokacin da wani injiniya ɗan Japan, Tetsuo Handa, ya kawo rahoton sandarewar injin da ke amfani da tsarin fayil na XFS. Har masu rubuta tsarin fayil ɗin sun yi mamaki, don sun shekara suna rubuta abin da za a yi in an ce musu babu, ashe kusan ba a taɓa ce musu ba.

Irin waɗannan kurakurai sun dogara da wa ya riga wa, shi ya sa nake ce musu rige-rige. Ka leƙa tulu ka ga da sauran ruwa, ka juya ɗaukar moɗa, kafin ka juyo wani ya shanye. Abin da ka gani gaskiya ne, sai dai ya tsufa kafin ka yi aiki da shi. A cikin kwamfuta mai ƙwaƙwalwa huɗu ko takwas da ke aiki tare, tsakanin leƙawa da juyowa bai kai ƙiftawar ido ba, kuma sau dubu dubu za a wuce lafiya kafin a yi karo sau ɗaya. Lungun hauni cike yake da irinsu. Manhajoji biyu su ga wuri ya ƙare a lokaci guda, kowace ta kira hauni, a kashe biyu alhali ɗaya ta isa. Ko kuma wanda aka kashe ya gama sakin wurinsa daidai bayan an duba an ga babu, a je a kashe wani a banza. Don haka ne aka yi wa kiran hauni makulli guda, kuma wanda ya karɓe shi sai ya sake gwada neman wuri sau ɗaya kafin ya nemi a kashe kowa.

Handa ya ɗauki wannan lungu kamar gonarsa. Yana rubuta ƙananan manhajoji da gangan don su tura injin cikin ƙunci, ya nuna cewa mai amfani na gama-gari, wanda ba shi da ikon mai gida, yana iya sandarar da injin gaba ɗaya. Maganin da ya yi ta kawowa mai sauƙi ne: a sa agogo. In wanda aka yanke wa hukunci bai fita ba bayan wani ɗan lokaci, a saki hauni ya zaɓi wani. Michal Hocko na kamfanin SUSE, ɗaya daga cikin masu kula da wannan ɓangare, bai so a dogara da agogo ba, kuma hujjarsa ba ta wasa ba ce. Agogo bai san dalilin jinkiri ba. Wataƙila manhajar tana kan hanyar fita, nauyi ne kawai ya yi mata yawa, in ka kashe ta biyu da ta uku ka yi ɓarnar da ba a buƙata. Wa'adin da ya dace da ƙaramin injin ba zai dace da mai RAM tera guda ba. Ga shi kuma kowane sabon wanda aka yanke wa hukunci ana buɗe masa ɗan wurin da aka ɓoye don gaggawa, in sun yi yawa sai su cinye shi.

Abin da Hocko ya kawo a maimakon haka ya shiga Linux 4.6 a watan Mayun 2016, bisa shawarar da Mel Gorman da Oleg Nesterov suka bayar kowa daban. Wani ma'aikaci ne na musamman a cikin zuciyar tsarin, zan kira shi mai girbi. Ba ya jiran wanda aka yanke wa hukunci ya mutu. Tunda an san ba zai sake komawa bakin aikinsa ba, mai girbi yana shiga ya kwashe shafukan da nasa ne shi kaɗai, ya mayar da su rumbu, ko da mai su yana can tsaye a bakin ƙofa. Dabara ce mai kyau ƙwarai, kuma da injin makarantar nan yana da ita, ina jin da malaman sun yi isha'i a gidajensu. Ba na rage mata komai.

Sai dai ka sa mutum biyu su kwashe kayan ɗaki guda a lokaci ɗaya, ka buɗe sabuwar ƙofar rige-rige. Shekaru shida da suka biyo baya sun nuna haka.

A 2017 aka gano cewa zaton da aka gina mai girbi a kansa, wai wanda aka yanke wa hukunci ba zai ƙara yin abin da wani zai gani ba, bai cika ba. Manhaja tana iya samun hannuwa da yawa da ke aiki tare, kuma saƙon kisa ba ya isa gare su duka a daƙiƙa guda. Hannu ɗaya yana tsakiyar kwafar bayani daga RAM zuwa fayil, mai girbi ya janye shafin, hannun ya koma ɗauka aka miƙa masa sabon shafi da babu komai ciki sai sifili, ya rubuta sifilin a fayil. Wannan ya fi sandarewa muni a wajena, domin injin da ya sandare kowa ya gani, fayil ɗin da aka cusa wa sifili kuwa sai ranar da aka buɗe shi. Gyaran shi ne a yi wa wurin alamar cewa an fara girbe shi, duk hannun da ya taɓa a ba shi kuskure maimakon shafin banza.

A shekarar dai, Andrea Arcangeli na Red Hat ya gyara wata matsala: in manhajar ta riga ta fara rushe gidanta da kanta, mai girbi ba ya iya shiga, hakan kuma yana jawo a kashe wasu ba bisa buƙata ba. Daga Linux 4.14 aka bar su su yi aiki tare. Ba a jima ba sai ga abin da ya biyo baya. Akwai shafukan da manhaja ke ƙullewa don kada a taɓa kwashe su zuwa faifai, mai girbi kuma an ce ya tsallake su. Amma manhaja mai fita tana cire alamar ƙullin tun kafin ta gama bi ta kan shafukan. Mai girbi ya leƙo a daidai wannan tsakanin, ya ga babu alama, ya kwashe, ita kuma ta taka inda babu ƙasa, zuciyar tsarin gaba ɗaya ta faɗi. An ba kuskuren lamba CVE-2018-1000200, ya shafi 4.14 da 4.15 da 4.16, Rientjes ya gyara shi a 2018.

Na ukun shi ne ya fi ba ni abin faɗa. Akwai wani irin makulli da manhajoji daban-daban ke rabawa, wanda aka yi wa tanadi: in mai riƙe da shi ya mutu, zuciyar tsarin za ta bi jerin makullan da ke hannunsa ta sake su, ta tada masu jira. Jerin nan a cikin RAM ɗin mamacin yake. Mai girbi, saboda saurinsa, yakan kwashe shi kafin a karanta, masu jira su zauna har abada. Wato ma'aikacin da aka kawo don ya hana jira marar iyaka shi ne ya haifar da wani. A 2022 Nico Pache na Red Hat ya kawo gyaran da ya shiga 5.18, kuma gyaran agogo ne: mai girbi ya dakata daƙiƙa 2 kafin ya shiga, a ba manhaja dama ta fita da kanta. Bayanin da aka rubuta a gefen wannan layi bai ɓoye komai ba. Ya yarda cewa adadin zaɓa kawai aka yi, in ya yi tsawo injin zai daɗe cikin ƙunci, in ya yi gajere mai girbi zai shiga gaban mai fita.

Agogo ma ba a 2022 ya fara shigowa ba. Mai girbin kansa yana buƙatar wani makulli kafin ya taɓa shafukan manhaja, kuma tun farko an tsara ya gwada sau 10, da hutun kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa tsakani, in bai samu ba ya haƙura. Gyare-gyaren da suka biyo baya suka ce in ya haƙura a yi wa manhajar alamar a tsallake ta, hauni ya zaɓi wata. Ka kira shi duk sunan da kake so, wa'adi ne na kusan daƙiƙa ɗaya. Abin da ya tabbatar da cewa injin ba zai tsaya har abada ba, a ƙarshen layi, shi ne wannan ƙidayar zuwa goma.

Ba ina cewa Hocko ya yi kuskure ba ne. Da an sa agogo tun 2015 an tafi barci, da hauni yana ta kashe na biyu da na uku a inda kwashe kayan na farko ya isa, kuma da ba a tono kurakuran da aka tono ba, don agogo yana rufe ciwo ya hana a ga inda yake. Wanda ya ce a nemo asalin cuta yana da gaskiya. Inda na rabu da masu wannan ra'ayi shi ne jerin abubuwa. Suna ganin agogo abin kunya ne da za a koma wa in komai ya gagara. Ni ina ganin shi ne ya kamata a fara kafawa, sannan a zauna a yi aikin tsanaki a bayansa. Zuciyar Linux layuka miliyoyi ce, da makullai da ba mai iya riƙe lissafinsu a ka, kuma kusan kowane lungu yana iya neman RAM yana riƙe da ɗaya daga cikinsu. Babu wanda zai iya rantsuwa cewa ya rufe duk hanyar cirko-cirko. Mai injin da ke da ma'aikata dare da rana, da wani injin a gefe da zai karɓi aiki, yana iya jiran cikakken magani. Ni da ke da kwamfuta ɗaya da malamai a tsaye, in aka ba ni zaɓi tsakanin a kashe manhaja biyu cikin daƙiƙa biyar da a tsaya minti arba'in ba a kashe ko ɗaya ba, ba sai na yi shawara da kowa ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa nake ganin maganar ta shafe mu fiye da yadda muke zato. Injiniyan da ke aiki a kan kwamfuta mai giga 64 zai iya shekara bai ga hauni ya fito ba. A wajensa ƙarewar RAM hatsari ne na nadiri, shi ya sa mutum irin Handa, mai ƙirƙiro ƙunci da gangan, yake iya zama kamar mai neman fitina. Mu kuwa a nan, tsofaffin kwamfutocin ofis da salula masu giga 1 ko 2 su ne kayan aikinmu, ƙuncin da shi yake ƙirƙirowa a ɗakin gwaji shi ne safiyarmu da marecenmu. Duk salular Android zuciyar Linux ce a cikinta. In ka fita daga manhajar aika kuɗi ka je duba lambar da aka turo maka, ka dawo ka tarar ta koma farko, kashe ta aka yi don a samu wuri.

Abin lura shi ne Android ba ta jiran haunin zuciya. Tana da nata mai kisa a waje, lmkd, wanda ke fara share manhajojin da ke kwance a baya tun kafin wuri ya ƙare ƙaf. Daga Android 10 yana dogara da wani ma'auni da Johannes Weiner na Facebook ya shigar a Linux 4.20 a ƙarshen 2018, wanda ke auna tsawon lokacin da manhajoji ke ɓatawa suna jiran RAM. Wato masu kera salula da masu manyan rumbunan kwamfuta duk sun ƙare a kan tambaya guda, tsawon wane lokaci aka yi ana jira, kuma sun mai da ita ma'aunin yanke hukunci. A 2021, cikin 5.15, Suren Baghdasaryan na Google ya ƙara hanyar da irin wannan mai kisa na waje zai yi girbin da kansa ba tare da jiran mamaci ya gama fita ba. Nan ma sai da aka toshe rige-rige tsakanin mai girbin da mai fita, irin dai na 2018 da sabuwar riga.

Injin makarantar yana nan har yanzu. Na sabunta masa tsari, na ƙara RAM zuwa giga 4 da kuɗin da bai kai na buhun shinkafa biyu ba, na rage wa rumbun maki lamba don hauni ya duba wasu kafin shi. Na kuma sa masa earlyoom, ƙaramar manhajar da ke kashe mai cin wuri tun RAM na saura kashi goma cikin ɗari, don kada ma a kai ga lungun da na bayyana. Abin da bai bar ni na saki jiki ba shi ne daƙiƙa biyun nan. Faifan injin irin tsohon nan ne mai juyawa, in ƙunci ya zo yana iya ɗaukar fiye da haka kafin ya ɗago shafi guda. Manhajar da ba ta kai ga sakin makullanta cikin daƙiƙa biyu ba, mai girbi zai same ta a ciki kamar yadda yake samunta kafin 2022.